Kundin Aikin Littafin Tafinta: Babin "Clemency"

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau na sa hannu a aikin da na daɗe ina cewa sai gobe: ƙaramin littafi na kalmomin Turanci da ke yawo a kotu da cikin labaran shari'a, kowace da bayaninta da Hausa. Ina yin sa ne saboda yaran da ke shiga aikin tafinta yanzu, da masu fassara labarai a gidajen rediyo, sai kuma ɗaliban da nake koya wa Turanci da yamma. Ƙamus dai akwai shi, tun daga na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 har zuwa na Roxana Ma Newman na 1990. Sai dai ƙamus ajiye maka kalma yake yi a gaban kalma, ya wuce abinsa. Shi kuwa tafinta, da ke tsaye tsakanin alƙali da mutumin da ke cikin akwati, abin da yake bukata shi ne ya san wa ke da ikon yin abin da kalmar ke nufi, a kan wa, kuma a wane mataki na shari'a.

Zan fara da dangin kalmomin rahama, don a nan aka fi yin kwaɓa. Turanci na da "mercy", "clemency", "leniency", "pardon", "amnesty", "commutation", "reprieve" da "compassion". Mu kuma a labarai mun tattara su kaf mun ɗora wa kalma ɗaya, afuwa, alhali ga rahama, ga jinƙai, ga tausayi, ga sassauci, ga rangwame, ga yafiya da gafara, duk suna zaune ba aiki. Ginshiƙin babin zai zama "clemency".

Rim ɗin takarda ₦6,500. Littattafan rubutu biyu ₦1,400.

Talata, 7 ga Janairu

Tattara misalai daga jaridun intanet. Na yi sa'ar lokaci, domin Joe Biden na shirin barin mulki, kalmar kuma ta cika labaran Amurka. Ranar 23 ga Disamba ya sauya hukuncin mutum 37 daga cikin 40 da ke jiran kisa a hannun gwamnatin tarayya zuwa ɗaurin rai da rai. Jaridu sun kira wannan "clemency", kuma ko ɗaya daga cikin mutanen ba a buɗe masa ƙofa ba. Wanda ya fassara shi da "ya yi musu afuwa" ya sa mai sauraro a Kurmi ya ɗauka an sallame su. Data ₦3,000.

Asabar, 11 ga Janairu

Yinin yau duk ya tafi a kan asalin kalmar. Daga Latin take, "clementia", mai nufin sanyin hali ko taushi, kuma Rumawa sun ɗauke ta da nauyi ƙwarai. Masanin nan Seneka ya rubuta wa Sarki Nero littafi sukutum a kanta wajen shekara ta 55 zuwa 56 Miladiyya, lokacin Nero yana saurayi ɗan shekara goma sha takwas. Ma'anar da ya ba ta ita ce nake son ta zauna a kan kowane tafinta: kame kai a lokacin da mutum ke da ikon ramuwa, ko kuma sassaucin da na sama ke yi wa na ƙasa wurin yanke hukunci. Ya ma raba ta da tausayi irin na zubar da hawaye, wanda shi a ganinsa raunin zuciya ne. Nasihar dai ba ta kama Nero ba. A shekara ta 65 shi ne ya aika wa malamin nasa umarnin ya kashe kansa.

Kafin su akwai Yuliyas Kaisar, wanda ya mai da yafe wa abokan gaba wata hanya ta mulki. Ya yafe wa Burutus bayan yaƙin shekara ta 48 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan shekara huɗu Burutus na cikin waɗanda suka daɓa masa wuƙa. Amma labarin da ya fi yi mini amfani shi ne na Kato, wani abokin gabar Kaisar, wanda ya kashe kansa a garin Utika, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, a shekara ta 46, don kada Kaisar ya samu damar yafe masa. Hujjarsa ita ce karɓar irin wannan yafiya amincewa ce cewa mai yafewar ubangidanka ne, kai kuma mai laifi ne.

Daga nan na fitar da sharuɗɗa uku da zan sa a shafin farko. Sai akwai laifi ko hukunci. Sai akwai mai iko. Kuma daga sama take gangarowa, ba ta hawa. Uwa ba ta yi wa jaririnta "clemency", maƙwabci ba ya yi wa maƙwabci. Gwamna ne ke yi wa fursuna, sarki ya yi wa wanda ya yi masa tawaye.

Ina tunanin ko tarihin Rum ya yi wa ƙaramin littafi irin wannan yawa. Zan bar sakin layi ɗaya, na Kato.

Laraba, 15 ga Janairu

Na je wata kotun majistare na zauna a benci na baya, don kunnena ya sake jin yadda ake magana yanzu. An kawo wani matashi da ya amsa laifin satar waya. Da aka same shi da laifi, majistare ya ba da damar roƙon sassauci kafin yanke hukunci, abin da lauyoyi ke kira "allocutus". Lauyansa ya miƙe ya karanto abin da kowa ya haddace: wannan ne karonsa na farko, yana da tsohuwa da yake ciyarwa, a yi masa "leniency", sannan ya rufe da jimlar da ba a taɓa rasa ta a kotunan Nijeriya, "temper justice with mercy".

Tafintan, yaro ne mai ƙoƙari, ya juya ya ce: "Yana roƙon kotu ta yafe masa." Mai wayar, wani dattijo da carbi a hannu, ya zabura ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, a yafe masa kamar yaya? Wayar fa ba a gan ta ba har yanzu!"

Sai da ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya zaunar da shi, rajistara ya yi masa bayani a hankali cewa ba sakin yaron ake nema ba, rage nauyin hukunci ake roƙo. Aka yanke masa wata shida ko tara, tare da biyan kuɗin wayar. Da an ce "yana roƙon a sassauta masa" tun farko, da dattijon bai ɗaga murya ba.

Wannan ya daidaita mini shafin "leniency". Ita a hannun alƙali take, kuma kafin a rufe shari'a, lokacin da yake auna hukuncin da doka ta ba shi zaɓi a ciki. Malamin makaranta ma na yi wa ɗalibi, uba na yi wa ɗa. Sassauci ko rangwame sun wadatar. Ita kuwa "clemency" a yadda ake amfani da ita yau, galibi sai kotu ta gama nata take shigowa, daga ɓangaren zartarwa.

Kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa ₦1,200.

Juma'a, 17 ga Janairu

Hunturu da mura. Shafin "compassion" kawai na rubuta, shi ma ba shi da rikici: tausayi ne, ba ya bukatar laifi, ba ya bukatar mulki.

Laraba, 22 ga Janairu

Amurka ta sake ba ni darasi kyauta, biyu a jere. Ranar Litinin, 20 ga wata, Donald Trump na shan rantsuwa ya sa hannu a kan takardar mutanen da suka kutsa ginin majalisar dokoki ranar 6 ga Janairun 2021. Kimanin 1,500 ya yi musu "pardon", 14 kuma "commutation". Kafofin labarai suka haɗa duka biyun a ƙarƙashin "clemency". Ashe ke nan ita ce uwa, sauran 'ya'yanta ne: "pardon" yafe laifi, "commutation" sauya hukunci zuwa mai sauƙi, "reprieve" jinkirta zartarwa.

Washegari a babban cocin Washington, Bishop Mariann Budde ta dubi Trump daga kan mumbari ta roƙe shi da kalmomin "have mercy", a kan baƙin haure da wasu da ta ce suna cikin fargaba. Na lura ba ta ce "clemency" ba, kuma da ta faɗa da maganar ta karkace, don mutanen da take magana a kansu ba hukunci kotu ta yanke musu ba. Jinƙai take roƙo. "Mercy" ta fi faɗi, ta fi kusa da zuciya da addini, ita ake kai wa Allah a addu'a. "Clemency" ta fi kama da takarda mai hatimi.

Na sa misalan biyu fuska da fuska a shafi ɗaya.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na kai wa wani abokina lauya rubutun hannu ya duba. Mun yi la'asar tare, muka zauna har magariba ana musu.

Abu na farko da ya nuna mini: Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai yi amfani da kalmar a wurin da nake zato ba. Sashe na 175, na shugaban ƙasa, da sashe na 212, na gwamnoni, sunan da aka ba ikon shi ne "prerogative of mercy". Abu huɗu aka lissafa a ciki: yafewa, da sharaɗi ko ba sharaɗi, jinkirta zartar da hukunci, musanya shi da mai sauƙi, da ɗauke dukan hukuncin ko wani ɓangare nasa, har da tara ko ƙwace dukiya. Shugaban ƙasa sai ya tuntuɓi Majalisar Magabata ta Ƙasa, kuma laifukan da dokar tarayya ta kafa ne hurumin nasa. Gwamna yana da kwamitin shawara na jiharsa, a kan laifukan dokar jiha. Wannan rabon yana da muhimmanci ga mai fassara, domin sau da yawa dangi na kai kuka Abuja a kan hukuncin da maganinsa ke gidan gwamnatin jiharsu.

Inda muka yi karo shi ne sharaɗina na farko. Ya ce, "Malam, ka ce sai akwai hukunci. To Ojukwu wace kotu ta yanke masa hukunci kafin Shagari ya yafe masa a 1982, ya dawo daga Kodebuwa? Nixon fa, tsohon shugaban Amurka, da magajinsa Ford ya yafe masa a watan Satumban 1974, an taɓa gurfanar da shi?" Na ce cewa na yi laifi ko hukunci, ba hukunci kaɗai ba. Ya ce to a rubuta shi ɓaro-ɓaro, don sashe na 175 kansa ya ambaci wanda ke da hannu a laifi, ba wanda aka yanke wa hukunci kaɗai ba. Na yarda a faɗaɗa jimlar. Shi kuma ya ƙara mini wata hujja da ta dace da labarin Kato: a 1915 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar wani ɗan jarida mai suna Burdick, ta ce mutum na da damar ƙin karɓar yafiya, domin tana ɗauke da zargin laifi a cikinta.

Misalan gida da muka zaɓa: yafiyar da gwamnatin Buhari ta yi wa mutum 159 a watan Afrilun 2022, wadda ta haɗa da tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, ita ce ta shafin "pardon". Shafin "amnesty" kuma na marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne, sanarwar 25 ga Yunin 2009 ga masu ɗauke da makamai a Neja Delta. Wannan ta jama'a ce a dunƙule, ba a bin suna ɗaya-ɗaya a kotu, kuma asalin kalmar a Girkanci mantuwa take nufi. Ita na bar wa "afuwa", da ƙarin "ta bai-ɗaya".

Ra'ayina a kan yafiyar 2022 ban sa shi a littafin ba, ba wurinsa ba ne. Amma na lura cewa duk lokacin da aka yi wa manya, sunan da ake ba abin a takarda yana da taushi, ɓarawon waya kuma sai ya roƙa da bakinsa a gaban jama'a.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ranar asara.

Na kai shafi 16 wani shagon kwamfuta tun ranar Laraba. Yaron ya buga a kan ₦300 kowane shafi, na zauna kusa da shi na nuna masa yadda zai sa haruffa masu lanƙwasa, kuma a fuskar kwamfutarsa komai ya fito daidai. Da aka zo bugawa a takarda firintarsu ba tawada, sai ya kwafe aikin a filashi ya kai maƙwabcin shago. Ita waccan kwamfutar tsohuwa ce, samfurin harafin da ke cikinta bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, duk inda suke sai ya ajiye ɗan akwati. Yaron can ya ga akwatuna sun ɓata shafi, don kyautatawa sai ya bi su ya share. Bai mayar da komai a gurbinsu ba.

Ni kuma ina gida, na aika ɗana ya karɓo, da saƙon a yi fotokwafi goma a haɗa. Da daddare na buɗe. "Jinƙai" ta koma "jinai". "Alƙali" ya zama "alali". "Ƙara" ta zama "ara". Babbar ɓarnar tana shafin "commutation", inda aka rubuta cewa shugaba na iya sauya hukuncin kisa zuwa "aurin rai da rai". Mai ɗakina ta karanta ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai wannan hukuncin ita ta san wanda ya daɗe yana yin sa.

Da safe na koma shagon. Mai shagon ya ce laifin na maƙwabci ne, maƙwabci ya ce shi abin da aka kawo masa ya gyara, ai ma ya taimaka. Kuɗin fotokwafi ba wanda ya yarda ya mayar. Bugun rubutu ₦4,800, fitarwa a takarda ₦1,600, fotokwafi ₦4,800. Na farkon ne kawai bai tafi a banza ba, tunda asalin aikin na nan lafiya a kwamfutar farko. Bayan takardun da suka lalace zan riƙa yin gwajin rubutu a kansu.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ɗiyata da ke jami'a ta mai da aikin PDF, ta ce a haka haruffan na tafiya tare da takardar duk inda aka kai ta. An sake fitarwa, ₦1,600. Kowace ƙ na wurinta.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Bayan sallar asuba na tsaya wurin limamin unguwarmu da tambaya ɗaya, na dawo da shafi biyu. Tafinta a Arewa yana aiki ne tsakanin tsarin shari'a biyu, kuma mai riƙe da ikon yafewa ba ɗaya ba ne a cikinsu.

Na ce, "Allah gafarta Malam, idan an yi kisan kai, wa ke da ikon yafewa?"

Ya ce a ƙisasi haƙƙin na magadan mamaci ne. Su za su zaɓi a kashe, ko su karɓi diyya, ko su yafe don Allah. Ya karanto aya ta 178 ta Suratul Baƙara, inda aka kira wannan rangwamen da sauƙaƙawa daga Ubangiji da kuma rahama, kalmomi biyu a jere. Ya ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya ko magada sun yafe, mai kisan ganganci na shan bulala ɗari da ɗaurin shekara guda, kuma kisan gilla, wanda aka yaudari mutum aka kashe shi, ba ya yafuwa a hannunsu. Haddi kuwa, da zarar magana ta kai gaban hukuma ba ceto. Ya kawo hadisin matar nan ta ƙabilar Makhzum da ta yi sata, aka tura Usama ɗan Zaidu ya nema mata alfarma, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi.

Abin da na fahimta don littafin: a tsarin da muka gada daga Ingila, yafiya ta mai mulki ce, ko dangin mamaci sun so ko ba su so ba. A ƙisasi kuwa wata tsohuwa da aka kashe wa ɗa, wadda ba ta da ko kujera a fada, ita ke riƙe da ran wanda ya yi kisan. Idan Baturen jarida ya rubuta cewa iyalin mamaci sun nuna "clemency", bai karya sharaɗina ba, don a wannan lokacin su ne na sama. Amma Hausar da ta dace a nan "sun yafe jini" ce, kada a ce sassauci.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ɗan ƙanena ya zo daga Maraɗi da kayan sayarwa, ya kwana biyu. Ya ɗauki shafin "mercy" yana dubawa, ya ce, "Baffa, wannan ai godiya ce a wurinmu." Gaskiyarsa. "Merci" ta Faransanci da "mercy" ta Turanci uwarsu ɗaya. Turawan Ingila sun aro ta ne daga tsohon Faransanci, shi kuma ya samo ta daga "merces" ta Latin, wato lada ko kuɗin aiki, tushen da ya haifi sunan sojan haya a Turanci. Daga lada ta koma alfarma, daga alfarma Faransawa suka ja ta zuwa godiya, Ingilishi ya ja ta zuwa jinƙai. Ya ce a Nijar idan shugaba ya yafe wa fursunoni, "grâce" ake cewa. Na sa ɗan gargaɗi a ƙasan shafi saboda masu tafinta a garuruwan kan iyaka irin su Jibiya da Illela da Maigatari.

A wannan shafin na ƙara tarkon da ya fi kama ɗalibai, "at the mercy of". Babu rahama a cikinta ko kaɗan. Idan an ce matafiya suna "at the mercy of" 'yan bindiga, ana nufin sun faɗa hannunsu, sai yadda aka yi da su.

Data ta ƙare, kuɗinta kuma ya tashi. ₦4,500.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Gwaji da ɗaliban yamma, tare da tafintoci biyu da na gayyato. Na fara da fito da takardar ₦1,000 na ce a karanta sunayen da ke ƙarƙashin hotuna. Aliyu Mai-Bornu kowa ya gane shi. Na biyun Clement Isong ne, gwamnan Babban Banki daga 1967 zuwa 1975. Na ce to sunansa da kalmarmu gida ɗaya suka fito, mai sanyin hali ke nan, kamar yadda Mercy da Rahama suke suna ɗaya a harshe biyu. Fafaroma goma sha huɗu sun yi mulki da sunan Clement. Daga nan ba wanda ya sake manta rubutun kalmar.

Furuci ya ɗan ba da wahala. Yawancinsu na danna gaɓar tsakiya, alhali nauyin a ta farko yake. Mun yi ta maimaitawa. Nahawu kuma: ba ta da jam'i, ba a sa mata "a" a gaba, kuma abokan tafiyarta su ne "grant", "seek", "plead for", "deny".

Na ba su jimloli su fassara. Shafin "pardon" da na "leniency" sun wuce lami lafiya. "Reprieve" ce ta kayar da kusan kowa, suka rubuta "an yafe masa", alhali kwana aka ƙara masa kawai, igiya na nan tana jira. Bayanin da ke shafin ya yi tsawo, ya binne ma'anar. Zan ɗauko "jinkirta hukunci" in sa a layin farko da manyan haruffa.

Wata ɗaliba, ma'aikaciyar jinya, ta kawo tambayar da ba ta cikin shirina. Ta ce ta ga an soke tashin jirgi saboda "inclement weather", mene ne haɗin yanayi da yafiya? Haɗin shi ne tsohuwar ma'anar taushi: "clement" a kan yanayi na nufin lumshi, ba zafi ba sanyi, kishiyarta kuma hadari da guguwa. A Turancin yau kishiyar ta fi ita kanta yawo. Ta samu nata layin.

Ɗaya daga cikin tafintocin bai yarda da shawarata ta ƙarshe ba. Na ce a fassara "clemency" da "sassaucin mai mulki" idan ba a san wane iri aka yi ba, idan kuma an sani a faɗi ainihin abin: an yafe, an rage, an sauya, an jinkirta. Ya ce a kotu ba lokacin wannan, alƙali na jira, "afuwa" ta fi saurin fita. Na ce saurin ne ya tayar da dattijon mai waya. Bai gamsu ba, amma ya ɗauki kwafi biyu.

Fotokwafi ₦5,500 bayan ragi. Ruwa da biskit ₦2,000.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Zagayen maɗaba'u. Kwafi 100, shafi 20, rabin girman takarda, bango mai kauri, a ɗinke da waya. Inda aka fi sauƙi ₦45,000, sun ce takarda da man janareta ne suka ja. Na ba da rabi. Na kafa sharaɗin sai na ga gwajin bugu da idona kafin a kunna inji.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar Asabar, aiki ya koma bayan tarawihi. Na tsayar da maɗaba'a kwana biyu saboda rabin shafin da ya zama dole.

Kowane Ramadan labari iri biyu na fitowa, kuma duka ana sa musu "afuwa". Na farko, wani mai hali ko wata ƙungiya ta je gidan gyaran hali, sunan da aka koma kiran gidan yari da shi tun dokar 2019, ta biya wa waɗanda ƙaramar tara ta riƙe, a sake su. Wannan alheri ne, sadaka ce, amma ba abin da aka yafe, an biya hukuncin ne cif. Na biyu, babban alƙalin jiha ya zagaya gidajen ya saki masu jiran shari'a. Doka ta ba shi ikon sakin wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, ko wanda zaman jiransa ya wuce abin da za a ɗaure shi ko da an same shi da laifi. Mutumin da ya shekara huɗu a tsare a kan tuhumar da hukuncinta bai wuce shekara biyu ba, in ka ce an yi masa afuwa ka ɗora masa laifin da kotu ba ta tabbatar ba, ka kuma mai da haƙƙinsa kyauta. "An sake shi" ko "an sallame shi" ya isa.

Don a samu wuri na cire sakin layin lemon nan da ake kira "clementine", wanda aka sa wa sunan wani ɗan mishan Bafaranshe da ya zauna kusa da Oran a Aljeriya. Na so shi, amma ba tafintan da zai bukace shi.

Lahadi, 9 ga Maris

An kawo kwafi 100 jiya. Bangon ya ɗan fi duhun abin da na zaɓa, guda shida kuma an ɗinke su shafi na 11 a kife, sun ce za su canza. Haruffa duk lafiya. Na cika musu ragowar kuɗinsu.

Jimillar abin da aka kashe zuwa yau ₦81,900. Zan raba 30 kyauta ga tafintoci da ɗakunan labarai, sauran a sayar ₦1,000 kowane, wanda ko an sayar duka ba zai mayar da kuɗin ba, sai dai ya rage zafi.

Babi na biyu sai bayan Sallah: kalmomin beli da tsarewa, "bail", "surety", "remand", da bambancin "discharged" da "acquitted", wanda abokina lauya ya ce ya fi na wannan babin jefa mutane cikin matsala. Ya yi alkawarin samo mini tsofaffin takardun beli da aka goge sunaye. A wannan karon ɗiyata za ta buga rubutun a gida, shagon kwamfuta sai dai fitarwa.